Atishawar Asuba da Ƙwarin da ke Cikin Katifa: Jagora ga Mutanen Funtua da Kewaye

A yankin Funtua da Malumfashi, duk wanda ke fama da atishawa ko sarƙewar numfashi, hunturu ake fara ɗora wa laifi. Hujjar a fili take. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yake rufe gari, ga casar masara da dawa, ga manyan motoci suna tayar da ƙura a hanyar Dandume da ta Bakori. To amma akwai mutanen da wannan lissafi bai hau kansu ba. Nasu ciwon a watan Agusta yake tsananta, a tsakiyar marka, lokacin da babu ƙura ko ta magani a kan titi. Mutum yana buɗe ido da asuba sai atishawa goma a jere, majina fara tas kamar ruwa, hanci da ido da ganɗa duk suna ƙaiƙayi, amma babu zazzaɓi. Kafin hantsi, in ya fita gona ko kasuwa, ya warware. Dare na yi, ya kwanta, hanci ya toshe. Yaro kuwa tari ne yake tashinsa tsakar dare, ƙirjinsa yana fito, da rana yana yawan murza hanci da tafin hannu, yana barci baki buɗe. A gida sai a ce sanyi ne ya shige shi, a hana shi ruwan randa, a ƙara masa bargo. Sau da yawa bargon nan shi ne matsalar.

Likitoci sun daɗe da lura da haka a wannan yanki namu. A 1975 David Warrell da abokan aikinsa a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa binciken da suka yi kan masu asma 106 a Zariya. Kusan rabinsu da damina ciwonsu ya fi tsanani. Da aka duba ƙurar katifu a na'urar ƙara girman abu, sai ga ƙananan ƙwari a ciki, mafi yawansu irin da ake kira Dermatophagoides farinae. Daga Zariya zuwa Funtua tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ce, damina ɗaya muke ci, katifa ɗaya muke saya.

Wane irin ƙwaro ne

Ba kuɗin cizo ba ne, ba kuma ƙuma ba. Ba ya cizo, ba ya shan jini, ba a ganinsa da ido: sai ka jera uku ko huɗu kafin su cika milimita ɗaya. Ƙafafunsa takwas, danginsa su ne gizo-gizo da kaska da ƙwaron ƙazuwa. Abincinsa ɓawon fatar da jikinmu ke zubarwa dare da rana, shi ya sa gidansa katifa, matashin kai, bargo, kafet da kujerun kushin. Mace tana yin ƙwai ɗaya zuwa uku a rana, ƙwan ya zama babba cikin kusan wata guda.

Lagonsa ɗaya ne, kuma a kansa duk dabarun da ke tafe suka dogara: ba ya shan ruwa, daga laimar iska yake tsotsar abin da yake buƙata. In laima ta kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100, kamar yadda take kaiwa a ɗakunanmu da damina, ya samu duniya. In ta daɗe ƙasa da kashi 50, sai ya bushe ya mutu. Hunturun arewa, wanda ke fasa leɓe da dunduniya, maƙiyinsa ne. Sai dai ba ya ƙarar da ƙwarin. Tsakiyar katifa da cikin matashi, inda gumi da numfashin mai barci ke shiga kowane dare, suna riƙe ɗan danshin da zai raya iri har ruwan Mayu ya sauka.

Wani likita a garin Leiden na ƙasar Holan, Reindert Voorhorst, tare da Frits Spieksma da Marise Spieksma, su ne suka nuna a 1964 cewa wannan ƙwaro ne abin da ke cutar da mutane a cikin ƙurar ɗaki. A 1981 kuma masu bincike a Ingila, Euan Tovey da Martin Chapman da Thomas Platts-Mills, suka gano cewa yawancin dafin a kashinsa yake. Kowane ƙwaro yana yin kashi kusan ƙwaya 20 a rana, ƙanana ƙwarai, masu tashi in an kaɗe shimfiɗa ko an faɗa kan gado, su koma ƙasa cikin kusan rabin awa. Saboda haka ba iskar gari ce ke ɗauke da su ba. Wurin da aka fi shaƙarsu shi ne inda hanci yake kwana, wato kan matashi.

Abin da ke faruwa bayan an shaƙa

A nan zan ɗan daɗe, domin wanda ya gane wannan sashe ba zai ƙara sayen magani da ka ba.

Cikin hanci da hanyoyin iska na huhu akwai shimfiɗar ƙwayoyin sel, an haɗa kowace da maƙwabciyarta gam, kamar yadda ake ɗinke bakin buhun masara da zare don kada ko ƙwaya ta zube. A cikin kashin ƙwaron akwai sinadarin narka abinci da ake kira Der p 1 (irin na farinae sunansa Der f 1, aikinsu ɗaya). Aikinsa yanka furotin. Ɗan uwa ne na kusa ga sinadarin da ke cikin ganyen gwanda da ɗanyar gwanda, wanda uwargida ke sa wa naman tsohuwar saniya ya yi laushi. In ƙwayar kashin ta sauka a kan jiƙaƙƙiyar fatar hanci sai ta narke, sinadarin ya shiga yanke zaren ɗinkin nan. An nuna haka a ɗakin gwaji a 1999. Ƙofa ta buɗe ke nan.

Akwai na biyu, Der p 2, wanda ba ya yanka komai, yaudara ce sana'arsa. Siffarsa ta yi kama da wani furotin na jikinmu mai suna MD-2, wanda ke taimaka wa garkuwar jiki ta gane ɓurɓushin ƙwayoyin cuta na bakteriya. Masu bincike a Cincinnati ta Amurka suka bayyana a 2009 cewa Der p 2 yana shiga gurbin MD-2 ya kunna maɓallin gargaɗi da ake kira TLR4. Jiki sai ya ɗauka babbar cuta ce ta shigo, alhali kashin ƙwaro ne.

Ƙwayoyin shimfiɗar da aka raunata ba sa yin shiru. Suna sakin sinadaran kururuwa, manyansu IL-33 da TSLP. Waɗannan su ke tayar da wasu ƙwayoyi masu yatsu da yawa, dandiritik, da ke kwance ƙarƙashin shimfiɗar. Dandiritik ta haɗiye guntun dafin ta tafi da shi cikin kaluluwa mafi kusa, ta nuna wa fararen ƙwayoyin jini da ake kira T. A jikin yawancin mutane, hukuncin da ake yankewa a can shi ne a ƙyale, abin banza ne. A jikin mai alaji kuwa, wanda galibi ya gaji halin daga uwa ko uba, ƙwayoyin T sai su rikiɗe su zama irin da ake kira Th2, su fara aika saƙonni uku. IL-4 yana umartar ƙwayoyin B su ƙera makami na musamman, IgE, wanda aka yi shi daidai da siffar dafin ƙwaron. IL-5 yana zuwa har cikin ɓargo ya sa a ƙara haifar wasu fararen ƙwayoyi, iyosinofil. IL-13 yana sa a ƙara majina, kuma yana sa jijiyoyin naman da suka kewaye hanyoyin iska su zama masu saurin tsukewa.

Shi IgE ɗin, wanda ma'aurata 'yan Japan Kimishige da Teruko Ishizaka suka gano a Denver a 1966, daidai lokacin da wasu a Swidin suke kan gano shi, ba ya yawo da yawa a jini. Mannewa yake yi a jikin ƙwayoyin mas, waɗanda ke zaune a hanci da ido da fata da huhu, cikinsu cunkushe da histamin. Har zuwa nan mutum bai ji komai ba. Ana iya shafe watanni ko shekaru ana wannan shiri, shi ya sa za ka ji uwa tana cewa ai a gadon nan aka haife shi, me zai sa sai yanzu.

Ranar da aka gama ɗanawa, dafin ya sake shigowa ya haɗa IgE biyu a kan ƙwayar mas ɗaya, cikin 'yan mintuna ta zazzage abin da ke cikinta. Histamin ya taɓa jijiyoyin ji, sai atishawa da ƙaiƙayi. Ya buɗe ƙananan hanyoyin jini, sai ruwa ya tsattsafo, hanci ya kumbura. Wasu sinadarai, lukotirin, su matse hanyoyin iska, sai ƙirji ya fara fito. Wannan zagaye na farko ke nan, kuma yakan lafa cikin awa ɗaya ko biyu.

Zagaye na biyu shi ne wanda mutane ba su sani ba. Bayan awa 4 zuwa 8, iyosinofil da ƙwayoyin Th2 da aka yi wa kira suna isowa, su zuba nasu dafin, shimfiɗar ta ƙara kumbura ta ƙara tsagewa. Wanda ya kaɗe ɗaki da la'asar zai iya tashi da sarƙewa tsakar dare bai haɗa biyun ba. In kuwa kowane dare ana shaƙa, kumburin ba ya samun sararin sauka. Hanyar iskar da ke cikin wannan hali komai ƙanƙantar abu yana tayar mata da hankali: hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, sanyin asuba, hazon hunturu. Ka ga inda lissafin mutane ya samo asali. Hunturu yana tayar da ciwon da gaske, amma ga mai wannan alaji, a kan katifa aka yi raunin tun da damina.

Me ya sa jiki yake da irin wannan makami mai cutar da mai shi? Asalin aikin IgE da iyosinofil yaƙi da tsutsotsin ciki ne, irin su macijin ciki da tsutsar tsargiya, wadda aka yi dogon bincike a kanta a yankin Malumfashi a shekarun 1970. Majina, tari, tsukewa, duk dabarun korar tsutsa ne. Wani bincike da aka wallafa a 2000 kan yara a Gabon ya nuna masu tsargiya ba su cika nuna alajin ƙwaron ƙura a gwajin fata ba, saboda tsutsar tana sa jiki sakin IL-10, saƙon da ke kwantar da garkuwa. Kada wani ya ɗauki wannan hujjar barin tsutsa a cikin yaro. Tsargiya tana lalata mafitsara da ƙoda, a sha magani. Amfanin sanin shi ne, a ƙasa irin tamu, ganin IgE ya yi yawa a gwajin jini kaɗai bai isa a ce mutum yana da alaji ba.

Yadda ake tabbatarwa

Fara da littafi da biro. Na wata ɗaya, rubuta lokacin da abin ya taso, inda ka kwana, abin da aka yi a ɗakin. In ka lura kana samun sauƙi duk ranar da ka kwana a tabarma a tsakar gida, ko ciwon yana tashi ranar da aka fito da barguna daga akwati, rabin amsa ta samu. Sauran rabin gwajin fata ne: a ɗiga ruwan dafin a damtse, a ɗan tsikara da tsinin allura, a jira minti 15. In wurin ya tasa ya kai faɗin milimita 3 ko fiye, akwai IgE a ɗane. Dole a bar shan maganin ƙaiƙayi kwanaki kafin gwajin, in ba haka ba zai ɓoye sakamakon. Likitan Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi shi zai duba ko akwai buƙatar tura ka manyan asibitocin koyarwa, na Shika ko na Katsina ko na Malam Aminu Kano.

Tarin da ya wuce mako biyu tare da rama, gumin dare, zazzaɓi ko jini a kaki, wannan ba maganar katifa ba ce. A je a yi gwajin tibi, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Asma da alaji kuwa ba a ɗaukarsu, babu dalilin ware wa yaro kofi da kwano.

Aikin ɗaki

Gado ne farko, gado ne na biyu. Wanda ya goge silin da bayan talabijin ya bar matashin da ya shekara biyar, wahala kawai ya sha.

Zanen gado da rigar matashi a wanke su kowane mako. Ruwan sanyi da sabulu yana wanke yawancin dafin, domin yana narkewa a ruwa, amma ba ya kashe ƙwarin da yawa. Abin da ke kashe su zafin digiri 55 zuwa 60 ne. Ba sai da ma'auni ba: ruwan da ya tafasa da ruwan rijiya, rabi da rabi, yana kaiwa kusan 60, sai a ɗan rinjayar da na zafin domin baho yana shanye wani abu. A tsoma kayan, a danna su da muciya, a rufe na minti 15, sannan a wanke yadda aka saba. A yi nesa da yara. Gidan sauro mai magani banda shi a wannan: ruwan sanyi da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa, in ba haka ba maganinsa ya tafi.

Rana ce babbar garaɓasar da muke da ita, wadda mutanen Holan da Ingila suke sayen injuna don su kwaikwaya. Gwajin da aka yi a Ostareliya ya nuna awoyi kaɗan na rana mai zafi suna kashe ƙwarin da ke cikin kafet. A fitar da katifa da hantsi, a jingina ta a kan siminti ko benci, ba a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, a juya ta da azahar, a mayar kafin la'asar sakaliya. Rana tana kashe ƙwaron amma ba ta ɗauke kashinsa, don haka sai an bi da sanda an bubbuge. Mai bugun kada ya zama mai ciwon, kuma a yi can nesa da taga. Lokacin da wannan aiki ya fi riba shi ne bazara, Maris da Afrilu, sa'ad da ƙwarin suka ragu suka taru a tsakiya. In aka ƙona irin a lokacin, damina za ta same su kaɗan. Da damina kuwa duk ranar da gari ya washe a fitar da matasai ko da katifa ba ta samu fita ba.

Katifa mai kauri rana ba ta ratsa ta gaba ɗaya, saboda haka mafi inganci a kulle ta. Je wurin masu ɗinkin kujeru ko kushin mota, su ɗinka mata riga ta ledar da ba ta shan ruwa, irin ta gadon asibiti, mai zif, wadda ta rufe ta ta ko'ina. Zafi zai dame ka in ka kwanta a kanta kai tsaye, sai a ɗora zanen auduga mai kauri ninki biyu, wanda za a riƙa wankewa. Ledar a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma ranar wanki. Tsohon matashin audugar rimi ko na tsummoki a rabu da shi, a sayi wanda za a iya wankewa ko a yi masa irin wannan riga.

Sai maganar da ba za ta yi wa iyayen amare daɗi ba. Ɗakin da aka malale da kafet bango zuwa bango, aka jera kushin, aka rataya labule mai nauyi hawa biyu, aka rufe taga don kada ƙura ta ɓata jere, babu abin da ƙwaron nan yake so kamarsa. Siminti ne a ƙasa yana tsattsafo da danshi a watan Agusta, kafet a sama yana riƙewa. In amarya ko yaron gidan yana da wannan ciwo, ledar ɗaki ko tayil ko simintin da aka goge sun fi kafet ko nawa aka saye shi. In ana son abin zama, darduma ko tabarmar roba wadda za a iya ɗagawa a shanya. Kayan sanyi da bargunan gwanjo, da duk abin da ya yi watanni a akwati, a wanke su kafin su taɓa jiki.

Shara da busasshiyar tsintsiya tayar da dafin kawai take yi. A yayyafa ruwa, ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma, mai ciwon ya fita sai bayan rabin awa. Kada a shanya wanki a ɗakin kwana ranar ruwa, a gyara inda kwano ke yoyo, a buɗe tagogi iska ta ratsa. Feshin maganin sauro da fiya-fiya ba sa isa inda ƙwarin suke, sai dai su tayar da asma.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, duk wannan aiki taimako ne, ba ya maye gurbin magani. Da masana suka tattara gwaje-gwaje da dama a 2008, ba su ga cewa dabarun rage ƙwarin suna warkar da asma ba. A ɗaya ɓangaren, gwajin da aka wallafa a 2017 kan yara masu asma a Manchesta ya nuna waɗanda aka rufe wa katifa da matashi sun fi ƙarancin zuwa asibiti da gaggawa. Abin da na ɗauka daga biyun: a haɗa dabarun gaba ɗaya, a fi ba gado ƙarfi, a dage, kuma kada a ajiye inhela don an sayi leda.

Wane magani ke tare wane saƙo

Setirizin da loratadin suna toshe wurin da histamin ke sauka. Suna maganin atishawa da ƙaiƙayi, amma ba su da ƙarfi a kan toshewar hanci, kuma ba sa taɓa zagaye na biyu. Piriton ma haka, ga shi yana kawo barci, direban da zai kama hanyar Gusau ko ɗan acaɓa ya kiyaye shi.

Wanda ke kashe saƙonnin IL-4 da IL-5 da IL-13 daga tushe shi ne sitiroyid na fesawa: na hanci ga mai atishawa, na shaƙa ga mai asma. Ba ya aiki nan take, sai an yi kwanaki, wani lokaci mako biyu, kuma kullum ake yi ko an ji sauƙi. Nan mutanenmu suke faɗuwa, a fesa kwana biyu a ce ba ya ji. Na hanci a sunkuyar da kai kaɗan, a nufi bakin kwalbar wajen kunne, ba tsakiyar hanci ba. Na shaƙa a kurkure baki bayan an gama. Wanke hanci da ruwan gishiri kafin fesawa yana taimakawa: rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe.

Shuɗiyar inhela, salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, tana sakin jijiyoyin da suka tsuke cikin mintuna. Ceton rai ce, kada mai asma ya rabu da ita. Amma ba ta rage kumburi ko kaɗan, kuma tun 2019 hukumar GINA mai tsara ƙa'idojin maganin asma a duniya ta daina ba da shawarar a dogara da ita kaɗai ga manya da matasa. Wanda yake buƙatarta fiye da sau biyu a mako, ko asma take tashinsa da dare, ya koma wurin likita a sake tsari. Camfin cewa wanda ya fara inhela ba ya bari ya cutar da mutane da yawa. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne ƙwayoyin firednisolon da dekza da ake saya a kemis a sha wata da watanni: suna kawo hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da kumburin fuska. Likita yakan ba da su na 'yan kwanaki in ciwo ya tashi, iyakarsa ke nan. Haka ɗigon buɗe hanci irin su Otrivin, in aka wuce kwana biyar zuwa bakwai, hancin sai ya ƙara toshewa duk lokacin da aka bari. Wasu masu asma kuma asfirin da danginsa suna tayar musu da ciwo.

Yaro ba ya iya haɗa dannawa da shaƙa a lokaci ɗaya, manya da yawa ma haka. Likita Heather Zar ta Kef Tawun ta nuna a 1999 cewa gorar roba mai cin rabin lita tana yin aikin bututun da ake saya da tsada. A wanke gorar da ruwan omo a bar ta ta bushe da kanta, a huda gindinta daidai bakin inhela yadda zai shiga ya matse, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa. A girgiza inhela, a danna sau ɗaya, ya yi numfashi biyar ko shida a ciki, sannan a sake in akwai bugu na biyu.

Akwai hanyar da ke koya wa garkuwa haƙuri da kanta: a riƙa ba jiki dafin kaɗan-kaɗan na kimanin shekara uku, har ƙwayoyin T masu sakin IL-10 su rinjayi Th2. Leonard Noon ya fara ta a Landan a 1911 da ƙurar furen ciyawa, kuma ƙwayar ƙwaron ƙura ta sawa ƙarƙashin harshe ta samu izini a Turai a 2015, a Amurka a 2017. Tana da tsada, kuma ƙwararre ne kaɗai ke fara ta.

Rumbu, sito da gidan gurza

Ƙasar masara tana da nata ƙarin. Ƙwaron katifa yana da 'yan uwa da ke rayuwa a hatsi, dusa, gari da harawa, musamman in an ɗura su da sauran danshi. Manomi, ɗan dako a kasuwar Dandume, mai injin niƙa, mai kiwon kaji, duk suna shaƙarsu, kuma hanyar da suke bi a jiki ita ce wadda aka bayyana a sama. A busar da masara sosai kafin a ɗura, a ɗora buhuna a kan katako, a yi amfani da buhu mai leda biyu a ciki in da hali. Mai alaji kada ya kwana ɗaki ɗaya da buhunan hatsi, balle in an jefa musu ƙwayar Phostoxin, wadda iskarta ke kashe mutum ba ma ƙwaro ba. Fulawar da aka buɗe ta daɗe a wuri mai laima ita ma takan cika da su, dafuwa kuma ba lallai ta kashe dafin ba.

Ƙurar auduga, wadda Funtua ta sani tun zamanin kamfanin BCGA, ciwonta daban ne. Ba IgE ne jagoransa ba, ɓurɓushin bakteriyar da ke jikin audugar ake zargi. Alamarsa ƙirji ya ɗaure a ranar farko da aka koma aiki bayan hutu, ya sassauta a sauran kwanakin mako. Mai irin wannan ya gaya wa likita sana'arsa, kuma ya nemi takunkumi na gaske mai matse fuska, domin ƙyallen da ake ɗaurawa ba ya tare ƙananan ƙwayoyin.

Wani abin lura ga masu son fara da yaji. Akwai furotin ɗaya, tirofomayosin, da ƙwaron ƙura da kyankyaso da fara da jatan lande suka yi tarayya a kansa, har hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta yi gargaɗi a 2021 cewa fara na iya tayar da alaji ga masu alajin ƙwarin ƙura. Ba kowa ba ne, kaɗan ne. Amma wanda ya taɓa cin fara ko miyar da aka sa wa kirefish ya ji leɓe ya kumbura, ko jiki ya yi borin jini, ya bar su har ya ga likita.

Alamun da ba a jira gari ya waye da su: mutum ya kasa ƙarasa jimla saboda numfashi, yaro ya kasa shan nono ko ruwa, fatar tsakanin haƙarƙari da ramin wuya tana shiga ciki da kowane numfashi, leɓe ya yi duhu, ko ƙirjin da ke fito ya yi tsit alhali wahalar tana ƙaruwa. A zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar, a ba shi bugu 4 na shuɗiyar inhela ɗaya bayan ɗaya ta cikin gora, a nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa, a maimaita bayan minti 20 in ba a isa ba. A tafi da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, likita ya gani da idonsa.